Me Ya Sa Ƙaya da Ciyawa Ke Dawowa Bayan An Yi Feshi?

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin masu gidaje da shugabannin makarantu da 'yan kwamitin masallatai da maƙabartu: wane magani ne zai yi wa ciyawar nan kisan da ba za ta sake tashi ba? Mutum zai sayi magani, ya biya mai feshi, fili ya bushe ƙurmus, amma kafin wata guda ya zagayo sai ga tsidau da ƙarangiya sun dawo, wani lokaci ma fiye da yadda suke a da. Wanda ya kashe kuɗi ya dasa ciyawar ado a harabar gidansa kuwa, sau da yawa sai ya wayi gari maganin ya kashe wadda ya dasa, wadda yake yaƙa ita ce ta gaje wurin. Daga nan sai zargi ya tashi, wannan ya ce maganin jabu ne, wancan ya ce mai feshin ne ya yi ha'inci wajen haɗi. Akwai jabun magani a kasuwa, akwai kuma ha'inci, amma ko da magani mai kyau ne a hannun mai gaskiya, ciyawar za ta dawo, domin abin da ke dawo da ita yana ƙarƙashin ƙasa, inda yawancin feshi ba ya kaiwa.

Ciyawa ba iri ɗaya ba ce

Kafin a yi maganar magani, akwai tambayoyi biyu da ya kamata a amsa a kan kowace ciyawa: mai faɗin ganye ce ko mai siririn ganye ce dangin gero da dawa, sannan da iri take yaɗuwa ko da saiwa?

Tsidau mai faɗin ganye ne, ko da yake ganyen ƙanana ne, kuma shekara ɗaya yake yi. Yana kwanciya ne a ƙasa, ya miƙa rassa ta ko'ina daga saiwa guda, ya yi ɗan fure rawaya, kuma cikin makonni kaɗan da tsirowarsa ya fara 'ya'ya. Kowane ɗa yakan rabu gida biyar, kowane gida da ƙayoyinsa masu huda tafin ƙafa da tayar keke. Ƙashin yawo ma mai faɗin ganye ne mai shekara ɗaya, asalinsa daga nahiyar Amurka, kuma 'ya'yansa na maƙalewa ne a tufafi da gashin dabbobi. Ƙarangiya kuwa, duk da ƙayarta, siririn ganye gare ta, wato danginta ɗaya da ciyawar adon da ake son karewa, kuma wannan dangantaka ita ce ke sa ta fi wuyar magani a filin da aka dasa ciyawa.

Sai rukuni na biyu, masu zama shekara da shekaru a wuri guda. Aya-aya tana jera ƙwayoyi a ƙarƙashin ƙasa, kowace a haɗe da 'yar'uwarta da siririyar jijiya, kuma ƙwaya ɗaya na iya haifar da gommai a damina guda, shi ya sa masana ciyayi suka daɗe suna sanya ta a sahun gaba cikin ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya. Tofa tana da saiwa mai rarrafe, mai tsini a baki, wadda duk guntun da aka bari a ƙasa zai iya zama sabon tsiro. Kiri-kiri ma haka yake, sai dai shi matsayinsa ya danganta da inda ya fito: a filin ƙwallo da harabar ofis shi ne ciyawar da ake dasawa a yi ta ban ruwa, a fangalin albasa kuwa bala'i ne.

Wannan rabe-rabe ba a nan kawai yake aiki ba. A Ingila, dokar ciyayi ta 1959 ta ambaci tsirrai biyar da za a iya tilasta wa mai fili ya hana su yaɗuwa, kuma biyu daga ciki ƙayoyi ne masu furen shunayya da suka yi kama da juna a ido. Ɗaya shekara biyu take yi da saiwa guda, idan aka tono ta an gama da ita, ɗayar kuwa saiwarta rarrafe take yi, kuma mai sarar ta da shebur yana ƙara mata yawa ne. Yawancin shawarwarin da ake gani a bidiyon intanet a kan irin waɗannan ƙayoyi ne da lokutan ƙasashen sanyi aka gina su, don haka ƙa'idar ce abin ɗauka, ba kwanakin watan da suke faɗa ba.

Rumbun iri da ke cikin ƙasa

Duk filin da ciyawa ta taɓa nuna a kansa yana da ajiyar iri a cikin ƙasarsa, kuma wannan iri ba ya tsirowa a lokaci ɗaya. Irin tsidau na iya kwana shekara huɗu zuwa biyar a ƙasa yana jira, kuma a cikin kowane gida na ɗansa akwai ƙwayoyi fiye da ɗaya, waɗanda ba sa farkawa tare. Ruwan farko zai tayar da wasu, ruwan Yuli ya tayar da wasu, saura kuma su jira baɗi. Saboda haka tsiron da aka gani mako uku bayan feshi, galibi ba wanda aka fesa ba ne ya farfaɗo, sabo ne daga cikin ajiyar.

Ajiyar kuma ba ta daina ƙaruwa daga waje. Ƙasar da tifa ta kawo don cike fili daga wata gona ko fadama aka ɗebo ta, da irinta da ƙwayoyin aya-ayarta. Takin awaki da na shanu da aka zuba ɗanye yana ɗauke da irin duk abin da dabbar ta ci, domin iri mai tauri kan ratsa cikin dabba ya fito da ransa, kuma sai an tara takin ya ruɓe, ya ɗauki zafi sosai na tsawon lokaci, kafin yawancin irin ya mutu. Tayar mota, takalmin yara, tunkiyar da aka ɗaure kafin layya, har injin yankan ciyawar da gadina ke yawo da shi gida-gida, duk suna shigo da ƙaya. Mai gida da yawa ya sayi matsalarsa ne da kuɗinsa ranar da aka sauke masa ƙasa da taki.

Abin da kowane magani ke yi da abin da ba ya yi

A shagon sayar da kayan noma duk sunansu maganin ciyawa, amma aikinsu ya sha bamban, kuma a nan ne yawancin asara ke aukuwa.

Akwai mai ƙonawa, wato farakwat, wanda aka fi sani da sunan kasuwa na Gramoxone. Yana busar da duk koren da ya taɓa cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da ya sa mutane suka ɗauka shi ne mafi ƙarfi, alhali ba ya gangarawa zuwa saiwa, don haka tofa da aya-aya da kiri-kiri kan sake tohowa ba da jimawa ba. Ga mutum kuwa guba ce ta gaske: kurɓi ɗaya na iya kisa, yana lalata huhu, kuma babu makarinsa. Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun 2007, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Nijeriya daga farkon 2024. Ba shi da gurbi a gidan da yara ke wasa.

Akwai mai bin jiki, wato gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup. Yana shiga ta ganye, ya bi jikin tsiro har saiwa, ya toshe hanyar da tsiron ke haɗa wasu sinadaran gina jikinsa, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga aikinsa. Ba ya zaɓe: ciyawar ado da fulawa da ɗan zogalen da ke gefen katanga duk ɗaya ne a wurinsa. Idan ya taɓa ƙasa sai ya manne da laka ya daina aiki, saboda haka ba ya taɓa irin da ke kwance, kuma saboda wannan dalili ne haɗa shi da ruwan kududdufi mai laka ke rage masa ƙarfi tun a cikin injin feshi. Yana bukatar koren ganye mai girma da ƙarfinsa da sa'o'i da dama ba tare da ruwan sama ba. Wanda ya sare ciyawa sannan ya fesa a kan kututture, ko ya fesa hadari na haɗowa, ya zubar da kuɗinsa.

Akwai mai zaɓe, kuma mafi shahara shi ne 2,4-D, wanda aka fara amfani da shi tun shekarun 1940. Yana kwaikwayon sinadarin girma na tsiro, sai mai faɗin ganye ya yi ta murɗewa har ya mutu, mai siririn ganye kuma ya tsira. Shi ne ya dace da tsidau da ƙashin yawo a cikin ciyawar adon da ta riga ta kafu, muddin suna ƙanana. Amma ba zai taɓa ƙarangiya ko tuji ko harkiya ba, kuma iska kaɗan ta isa ta kai shi kan tumatir ko wake ko kuɓewa ko gwandar maƙwabci, ganyensu ya nannaɗe. Ragowarsa a cikin injin da ba a wanke sosai ba ma tana yin wannan ɓarna a gonar da aka je daga baya.

Na ƙarshe su ne waɗanda ake fesawa a ƙasa kafin tsiro ya fito, irin su fendimetalin da atirazin, waɗanda ke kashe iri a daidai lokacin da yake fashewa, na 'yan makonni kawai. Su ma ba su kashe irin da bai farka ba. Atirazin kuma yana bin ruwa ya gangara ƙasa, dalilin da ya sa Turai ta daina amfani da shi, kuma wannan abin dubawa ne a unguwar da kowane gida ke sha daga rijiya ko burtsatse.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne maimaita magani ɗaya a fili ɗaya shekara da shekaru. 'Yan tsirarun da suka jure su ne ke yin iri, zuriyarsu ta cika wurin. An ga haka da gilaifoset a Ostireliya a 1996, sannan a ƙarshen shekarun 1990 aka samu tujin da gilaifoset ba ya kashewa a gonakin Maleshiya. Ƙara gwangwanin madara ɗaya a kan ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, kamar yadda masu feshi da yawa ke yi, ba ya magance wannan.

Filin da aka bari tsirara

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsidau da ƙarangiya da ƙashin yawo ba su iya gasa da ciyawa mai kauri, abin da suke nema shi ne ƙasa mai rairayi wadda rana ke duka kai tsaye. Feshin da ya kashe komai yana samar musu da wannan daidai, domin ya kawar da duk abin da ke yi wa irinsu inuwa. Wannan shi ne bayanin abin da mutane ke gani su yi mamaki, cewa filin da aka fi yi wa feshi shi ya fi ƙaya a shekara ta gaba.

Ga mai ciyawar ado, ma'anar wannan ita ce rabin yaƙin kula da ciyawar da ya dasa ne. Aske ta har ƙasa don a jima ba a sake yanka ba yana raunana ta, kuma ƙa'idar da masu kula da filaye ke bi ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. Yayyafa ruwa kaɗan kullum yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, inda irin ciyawa yake, alhali ban ruwa mai yawa jefi-jefi yana sa saiwar ciyawar ado ta nutsa. Ɗan takin kamfa ko yuriya a farkon damina yana taimaka mata ta rufe gurabe, kuma duk inda aka cire wani abu aka bar rami, a dasa reshen kiri-kiri a wurin nan take.

Ita kanta ciyawar da ta fito tana nuna abin da ke damun wurin. Tuji yana son ƙasar da ta daddaɓe saboda sawun mutane ko ajiye mota, kuma idan ba a sassauta ƙasar ba zai dawo ko sau nawa aka cire shi. Aya-aya tana taruwa inda famfo ke yoyo ko ruwa ke kwanciya, kuma ba ta son inuwa.

Lokaci ya fi magani muhimmanci

Ga masu shekara ɗaya, manufa guda ce: kada a bar su su yi iri. Manoma sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa ake noman farko sannan a yi maimai. A Kano da Katsina da Sakkwato, inda ruwa ke sauka daga wajajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, aikin na makonnin farko ne bayan ruwa ya zauna, lokacin da ƙasa ke da laushi kuma tsiro bai yi fure ba. Tsidau saiwa ɗaya gare shi, idan aka sare ta da fartanya ƙasa da wuyansa kaɗan sai a naɗe shi gaba ɗaya. Injin yanka ba ya yi masa komai, tunda a kwance yake, ta kansa injin ke wucewa. Wanda ya jira har kaka, lokacin da ƙarangiya ta nuna tana kama wando, sannan ya kira mai feshi, ya makara, domin kashe uwar a lokacin ba ya hana irin da ya riga ya ƙosa zuba.

Idan an riga an makara, abin da ya rage shi ne rage ajiyar: a tattara abin da aka cire a buhu, kada a watsar da shi a bayan katanga ko a zuba a ramin taki, sannan a ja tsohon bargo ko buhun algarara a kan filin, ƙayoyin su maƙale, a ƙone su a wuri guda. Dole a maimaita wannan damina uku ko huɗu a jere, kuma shekara ɗaya ta sakaci tana mayar da aiki baya.

Masu saiwa kuwa dabararsu daban ce. Sarar aya-aya da fartanya a tsakiyar damina tana tsinka jijiyar da ta haɗa ƙwayoyin, sai waɗanda ke barci su farka, wuri ya ƙara cika. Amma ƙwayar ba ta jure bushewa, don haka tonon da aka yi da rani ko bazara, aka baje ƙasar rana ta gasa ta, aka tsince abin da ya fito, ya fi amfani nesa ba kusa ba. Tofa kuma inuwa ce ke kashe ta: a Jamhuriyar Benin, manoma tare da masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta IITA sun yi amfani da wani wake mai yaɗo da ke lulluɓe gona don murƙushe ta. A ƙaramin fili, baƙar leda mai kauri da aka rufe wurin da ita na watanni tana yin kusan wannan aiki. A kan waɗannan ciyayi ne gilaifoset ke da hujja mafi ƙarfi, kuma ko a nan ya fi kyau a shafa shi a ganyen da soso, da safar roba a hannu, ko a yi amfani da shi sau ɗaya don share fili kafin dasa ciyawar ado, maimakon a mayar da shi abin kowane wata.

Gishiri, baƙin mai da wuta

Dabaru uku ne suka fi yawo a baki. Gishiri yana kashe ciyawa, amma yana kashe ƙasar tare da ita, kuma ruwa na kai shi gindin bishiyoyi. Baƙin man inji ya fi muni, domin yana daɗewa a ƙasa kuma yana iya kaiwa ga rijiya. Wuta tana cinye abin da ke sama, ta bar saiwar tofa lafiya lau, har ma tofar ta fi saurin tohowa bayan gobara fiye da sauran tsirrai. Ruwan zafi ne kawai ke da ɗan amfani, a kan ƙananan tsirrai da ke fitowa a tsagar siminti.

Masu goyon bayan feshi da masu adawa da shi

Masu feshi suna da hujjar da ba za a raina ba. Kuɗin lebura ya hau, makaranta ko maƙabarta mai faɗi ba za ta nomu da fartanya biyu ba, kuma ciyawa mai duhu maɓoyar macizai da kunamu ce. Ga shugaban makarantar da ke da 'yan kwanaki kafin ɗalibai su dawo hutu, injin goyo ɗaya na yin aikin mutum goma.

Masu adawa kuma suna nuni da lafiya. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gilaifoset cikin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa ciwon daji, yayin da hukumomin sa ido na Amurka da Turai suka ce ba su ga wannan haɗari ba idan an bi ƙa'ida, kuma Tarayyar Turai ta sabunta izininsa na shekara goma a 2023. Sai dai sharaɗin bin ƙa'idar shi ne inda gizo ke saƙa. Ƙa'idar ta ɗauka mai feshi yana sanye da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci, ya auna daidai, ya kuma adana ragowar a kwalbarta ta asali. Abin da aka fi gani a unguwanni shi ne matashi da silifa da gajeren wando, injin na yoyo a bayansa, ragowar maganin kuma a robar lemo a bayan ƙofa.

Akwai ɓangare na uku da suka gaji da duka biyun suka malale harabar gida da siminti. Sun huta da ƙaya, amma gidan ya ƙara zafi da bazara, kuma ruwan da ƙasa za ta sha ya koma kwata da titi. A ganina, a garin da ake sayen ruwa a kura, shimfiɗa ciyawar ado mai faɗi ita ma abin a sake tunani ce, domin ciyawar da ba za a iya shayarwa da rani ba za ta mutu ta bar gurabe, kuma an riga an ga abin da ke cike gurabe. Ɗan fili kaɗan da za a iya kula da shi, da bishiyoyin inuwa da tsakuwa a sauran wurin, ya fi dacewa da yawancin gidaje.

Waɗanda abin ke shafa ba tare da an tambaye su ba

Abin da mai gida ke kira ciyawa, abinci ne ko jari ga wani. Tafasa da lalo da gasaya da ke fitowa a kangon fili da gefen hanya mata na tsinka su yi kwaɗo da miya. Harkiya da ƙyasuwa, har da ƙarangiya kafin ta yi ƙaya, yara na yanka su sayar wa masu kiwo, kuma a yankunan Sahel na Nijar an ci irin ƙarangiya a shekarun yunwa. Tunda gilaifoset kan ɗauki kwanaki kafin ganye ya canza launi, filin da aka fesa jiya kore shar yake a yau, kuma mai tsinkar ganye ko mai yankan ciyawa ba shi da hanyar sani. Duk wanda ya fesa wurin da jama'a ke ratsawa, wajibi ne ya sanar da maƙwabta da mai unguwa, ya sa alama, ya hana yara da awaki da kaji shiga na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar.

Mai saye kuma ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki da sunan sinadarin da ke ciki, ba sunan kasuwa kawai ba, domin sinadari ɗaya na zuwa da sunaye da yawa, kuma mutum na iya cewa ya canza magani alhali kwalba ce kawai ta canza. Launin da ke gindin takardar ma bayani ne: ja ya fi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin injin feshi, a huda ta don kada wani ya ɗauka ya zuba man gyaɗa ko ruwan sha, kuma kada a wanke injin a bakin rijiya ko a kududdufin da dabbobin unguwa ke sha.